Hawan hasumiyar Michel a Hamburg: tambayoyi da amsoshi

Wane gini ne wannan?

Cocin St. Michaelis ne na mabiya ɗarikar Luther, a birnin Hamburg da ke arewacin Jamus. 'Yan gari "Michel" kawai suke ce masa. Ginin salon barok ne, wato irin ginin Turai na ƙarni na 17 da na 18 mai yawan ado da lanƙwasa. Tsayin hasumiyarsa mita 132.

Me ya sa mutanen Hamburg ke ji da ita haka?

Matuƙan jiragen ruwa da ke dawowa ta kogin Elbe, da sun hango ta sun san sun iso gida. Ga kuma irin wuyar da ta sha. A 1750 tsawa ta faɗa mata, cocin ya ƙone. Aka sake ginawa, sai gobara ta tashi a 1906 ana cikin gyaran hasumiyar, ta cinye shi. Zuwa 1912 an mayar da shi yadda yake, sannan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka sake yi masa ɓarna. Duk lokacin da ya faɗi, mutanen gari sai sun tashe shi.

Dole sai an hau da ƙafa?

A'a, akwai lif. Amma mai ƙoshin lafiya, ni dai shawarata ya bi matakala, ko da yake sun haura 450. A hanya zai wuce kusa da manyan ƙararrawa, ya kuma fahimci girman agogon da yake gani ƙarami daga ƙasa, alhali faɗin fuskarsa mita 8 ne.

Me ake gani daga sama?

Tashar jiragen ruwa ce za ta fara ɗauke maka ido: manyan jirage, da injinan sauke kwantena jere a bakin ruwa. Kusa da nan ga Elbphilharmonie, zauren kiɗan nan mai rufin gilashi kamar igiyar ruwa da aka buɗe a 2017, sai rumbunan jan bulo na Speicherstadt inda aka daɗe ana ajiye kofi da kayan yaji da darduma. In ka juya, ga tafkin Alster. Iskar wurin ba ta da wasa, ka riƙe rigar sanyi ko da rani ne.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Ka daidaita zuwanka da ƙarfe 10 na safe ko 9 na dare. A lokacin ne mai busa ƙaho ke hawa ya busa waƙar yabo ta kusurwoyi huɗu na gari. Ranar Lahadi sau ɗaya yake yi, da tsakar rana.