Waiwaye: Yadda Garin Lockport Na Amurka Ya Samu Sunansa

A yammacin jihar New York ta Amurka, arewa maso gabas da birnin Buffalo, akwai wani gari mai mutane kimanin 20,000 da ake kira Lockport, wanda shi ne hedikwatar gundumar Niagara. Sunan ya ƙunshi kalmomi biyu na Turanci. Ta farko, lock, tana nufin wani ɗakin ruwa mai ƙofa gaba da baya wanda ake ɗaga jirgi ko a sauke shi a cikinsa. Ta biyu, port, tana nufin tashar jiragen ruwa. Abin da ke ɗaure wa baƙo kai shi ne garin yana nesa da teku da ɗaruruwan kilomita, kuma ba a bakin wani babban kogi yake ba.

Amsar tana cikin tarihin mashigin ruwan Erie, wata hanyar jiragen ruwa da aka fara haƙawa a ranar 4 ga Yuli, 1817, aka kuma buɗe shi a watan Oktoba na 1825. Gwamna DeWitt Clinton ne ya tsaya kai da fata a kan aikin, har masu adawa suka riƙa yi masa ba'a suna kiran mashigin ramin Clinton. Tsawonsa mil 363 ne, daga Albany a bakin kogin Hudson zuwa Buffalo a bakin tafkin Erie. Wuri mafi wuya a ɓangaren yamma shi ne inda hanyar ta ci karo da tudun dutsen Niagara, inda dole jirage su hau kimanin ƙafa 60 a ɗan gajeren wuri. Injiniya Nathan Roberts ya tsara ɗakunan ruwa biyar a jere kamar matakala, layi biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na masu hawa, ɗaya na masu sauka. Jirgin dako, wanda alfadarai ko dawakai ke ja da igiya daga gefen mashigin, zai shiga ɗakin farko a rufe ƙofar bayansa, a sako ruwa daga sama har ya ɗago daidai da ɗaki na gaba, sannan a tura manyan ƙofofin katako da hannu ya wuce. Sau biyar ake yin haka kafin ya kai kan tudu.

Kafin wannan aiki wurin daji ne mai 'yan tsirarun manoma. 'Yan kwangila, masu sayen filaye da leburori, da yawansu 'yan ƙasar Ireland, su ne suka cika shi a farkon shekarun 1820, don haka sunan bai samo asali daga harshen 'yan asalin yankin ba, ba kuma daga wani gari na Turai ba, saɓanin Niagara ko Rome da ke jihar. Suna ne na sana'a, kuma a ganina har da ɗan tallan kasuwa a cikinsa, domin duk wanda ya kira ƙauyensa tashar jiragen ruwa yana shaida wa fatake ne cewa a nan ake lodi da sauke kaya. An ba Lockport matsayin ƙaramin gari a hukumance a 1829, ya zama birni a 1865.

Ba shi kaɗai ya bi wannan salo ba. Brockport ya ɗauki sunan Hiel Brockway, Spencerport na Daniel Spencer, Gasport kuwa saboda iskar gas da aka ga tana ɓulɓulowa daga ƙasa a can. Bambancin Lockport shi ne sunansa yana nuna wani sashe na mashigin kansa.

Wajen amfani da sunan a yau akwai abin lura. A jihar New York ɗin kanta hukumomi biyu ne ke amsa shi: birnin Lockport, da kuma ƙaramar hukumar Lockport da ke kewaye da birnin, kowanne da shugabanninsa. Sunan ya kuma bazu zuwa wasu jihohi. Akwai Lockport a jihar Illinois, inda ofishin mashigin Illinois da Michigan yake a da, mashigin da aka buɗe a 1848, akwai kuma wani a Louisiana. Saboda haka jaridu kan haɗa sunan da na jiha, in ba haka ba mai karatu ya rikice. Mazauna na New York kan yi wa garinsu laƙabi da Lock City, wato birnin ƙofofin ruwa.

Jirgin ƙasa da manyan motoci sun daɗe da ƙwace dakon kaya daga mashigin. A gyaran da aka kammala a 1918, an rushe layin kudu na ɗakunan biyar, aka maye gurbinsa da manya guda biyu masu lamba 34 da 35, waɗanda ke aiki da lantarki. Layin arewa ya tsira ne saboda an mayar da shi hanyar zubar da rarar ruwa, kuma a 'yan shekarun nan an gyara wasu daga cikin ɗakunansa da sababbin ƙofofin katako, inda yawancin jiragen da ke bi ta garin yanzu na masu yawon buɗe ido ne.