Waiwaye: Yadda wasu jami'o'in Amurka suka zama gidajen sarautar ƙwallo

Jami'o'i sama da 130 ne ke buga ƙwallon ƙafar Amurka, mai kama da zari-ruga, a mataki mafi girma. Amma da zarar an zo lissafin masu asali, sunaye takwas ne ke yawan fitowa: Alabama, Notre Dame, Ohio State, Oklahoma, Michigan, USC (Jami'ar Kudancin Kalifoniya), Texas da Nebraska. Babu hukumar da ta naɗa su, shi ya sa gardamar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Da tsufa ne ma'auni, da babu ko ɗaya daga cikinsu a sahun gaba. Ranar 6 ga Nuwamba 1869 aka buga wasan farko, Rutgers ta doke Princeton da ci 6 da 4. Walter Camp na Yale ne ya tsara yawancin dokokin wasan tun daga 1880. Princeton na iƙirarin kambun ƙasa 28, Yale 27, fiye da kowa. Sai dai su da 'yan uwansu na rukunin Ivy, wato tsofaffin jami'o'in arewa maso gabashin Amurka, sun zaɓi kada su ba ɗalibi tallafin karatu don ya iya ƙwallo, kuma a 1982 rukunin ya koma mataki na biyu. Jami'ar Chicago, wadda ɗan wasanta Jay Berwanger ya fara lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan shekara a 1935, ta rushe ƙungiyarta a 1939. Minnesota ta ci kambu 5 tsakanin 1934 da 1941, ta ƙara ɗaya a 1960, daga nan shiru.

Shi kansa ƙirgen kambu sai an yi hattara. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ba ta ba da kofin zakara a mataki mafi girma. Daga 1936 'yan jarida ne ke zaɓe ta kamfanin dillancin labarai na AP, a 1950 aka ƙara ƙuri'ar kociyoyi, don haka ana iya samun zakaru biyu a kaka ɗaya. Wani abin kuma, shekaru da dama ana rufe ƙuri'a kafin manyan wasannin ƙarshen kaka da ake kira Bowl. A 1964 an ba Alabama kambu, sai Texas ta doke ta a wasan Bowl, alhali Arkansas ta gama kakar ba a ci ta ko sau ɗaya ba. A 1973 kociyoyi suka sake zaɓar Alabama, sai Notre Dame ta lallasa ta da ci 24 da 23. AP ta gyara tsarinta na dindindin a 1968, kociyoyi sai 1974. A cikin kambu 18 da Alabama ke lissafawa har da na 1941, shekarar da ta sha kashi sau 2, ta ƙare ta 20 a jadawalin AP. Michigan kuwa, 10 daga cikin kambunta 12 sun zo ne kafin 1950. Saboda haka masu bin tarihin wasan kan fara ƙirge daga 1936, su ware na ƙuri'un nan biyu, sannan su haɗa da na tsarin BCS, mai haɗa ƙungiyoyi biyu na sama a wasan ƙarshe, da ya fara a 1998, da gasar sili ɗaya ƙwale da ta gaje shi a 2014.

Ma'aunin da ya fi riƙe ruwa shi ne wannan: in babban koci ya tafi, gidan ya kan sake tashi? Notre Dame ta ci kambu a hannun mutum 5, daga Knute Rockne zuwa Frank Leahy, Ara Parseghian, Dan Devine da Lou Holtz a 1988. Ohio State ta ci da Paul Brown a 1942, da Woody Hayes, da Jim Tressel a 2002, da Urban Meyer a 2014, da Ryan Day a kakar 2024. Oklahoma ta yi nasara a wasa 47 a jere daga 1953 zuwa 1957 ƙarƙashin Bud Wilkinson, bajintar da har yau ba a kamo ba a wannan mataki, sannan Barry Switzer ya kawo kambu 3. Ta faɗi warwas daga 1996 zuwa 1998, nasara 12 kacal a wasa 34. Bob Stoops ya karɓa a 1999, a kaka ta biyu ya ɗauko kofi. Alabama ma haka: bayan kambu 6 na Bear Bryant, ta yi shekara 24 da kambu ɗaya tak da takunkumin NCAA, kafin Nick Saban ya zo a 2007 ya tara wasu 6.

Wannan farfaɗowa ba tsafi ba ce. Tana tsaye ne a kan tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni da za su biya koci ya tafi a ɗauko wani, da fili irin na Michigan mai ɗaukar mutum 107,601, da jihar da makarantun sakandarenta ke yaye 'yan wasa, kamar Texas da Ohio da Kalifoniya. Sai talabijin. Har zuwa 1984 NCAA ce ke ƙayyade sau nawa za a nuna ƙungiya. Jami'o'in Oklahoma da Georgia suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, kuɗi ya koma bin masu yawan 'yan kallo. Notre Dame ta kama kwangilarta ita kaɗai da tashar NBC daga 1991.

A da manya kan kwashi matasa ba iyaka, wasu ma don kawai a hana abokan hamayya samunsu. A 1973 aka tsayar da tallafin karatu a kan 105, a 1978 ya koma 95, a farkon shekarun 1990 ya sauka zuwa 85. Ragowar 'yan wasan suka bazu, kuma a wannan zamani ne Miami ta ci kambu 5 daga 1983 zuwa 2001, da kociyoyi 4. Duk da haka da yawa ba sa saka ta cikin takwas ɗin, domin kafin 1983 ba ta da abin nunawa, filin da take wasa ma ba nata ba ne. A ganinmu an ɗan yi mata rowa, musamman in aka tuna Texas kambu ɗaya ta ci tun bayan 1970.

Wadda kujerarta ke rawa ita ce Nebraska. Kambu 5 daga 1970 zuwa 1997, a hannun Bob Devaney da Tom Osborne, kuma tikitin filinta na ƙarewa a kowane wasan gida tun 1962. Amma jihar mutum kusan miliyan 2 ce, dole ta nemo 'yan wasa daga nesa, kuma komawarta rukunin Big Ten a 2011 ta rage mata wasanni a Texas, inda ta saba farauta. Rabonta da kofin rukuni tun 1999, kuma daga 2017 zuwa 2023 ko wasan Bowl ba ta leƙa ba.

Yanzu kuma dokokin sun sake juyawa. Tun Yulin 2021 ɗan wasa na iya cin kuɗi da sunansa, sauya makaranta ya zama da sauƙi, gasar ƙarshe ta koma ƙungiya 12 a 2024, kuma daga 2025 jami'a na iya raba wa 'yan wasanta kuɗi, kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ajiye gwani a benci shekara biyu yana jiran layi, wanda a kansa manyan gidajen suka daɗe suna cin kasuwa, ya zama da wuya, tun da wata makarantar na iya kiran sa ta ba shi riga da kuɗi a kaka mai zuwa.