Waiwaye: Har Yaushe Hukuma Ke da Ikon Sake Lissafin Harajin Hatimi Bayan Rajistar Cinikin Gida?

Duk wanda ya sayi gida ko fili a Kaduna ya bi da takardunsa ta hannun hukuma ya san cewa miƙa wa mai gida kuɗinsa ba shi ne ƙarshen ciniki ba. Akwai neman amincewar gwamna, akwai biyan harajin hatimi a kan takardar sayarwa, sannan akwai rajista. Abin da ke damun masu saye da lauyoyinsu shi ne abin da kan biyo baya: idan an biya, an buga hatimi, an shigar da takarda cikin kundin rajista, shin hukumar haraji na iya dawowa bayan shekaru ta ce kuɗin da aka biya bai kai ba?

Harajin ya girmi Nijeriya. Ƙasar Holan ta kafa shi a 1624, Ingila ta ɗauke shi a 1694, kuma ɗora wa mazauna Amurka shi da aka yi a 1765 na cikin abubuwan da suka hura wutar neman 'yancinsu. A nan gida Turawan mulkin mallaka suka kafa dokarsa a 1939, ita ce kuma ta ci gaba da aiki da 'yan gyare-gyare fiye da shekara 80. Tun asali a kan takarda ake ɗora shi, ba a kan ƙasa ko gini ba, shi ya sa dattawa ke tuna lokacin da ake manna kan sarki a jikin rasit a sa hannu a kai. Makamin da gwamnati ta dogara da shi wajen karɓa ya kasance cikin sashe na 22 na wannan doka: takardar da ba a biya mata harajin da ya dace ba, kotu ba za ta karɓe ta shaida a shari'ar da ba ta laifi ba sai an cika kuɗin tare da tara. Dokar ta kuma raba aiki, ta ba gwamnatin tarayya harajin takardun da kamfani ke ciki, ta bar wa jihohi na cinikin da ke tsakanin mutum da mutum, wanda shi ne mafi yawan cinikin gidaje a Kaduna.

Ta fuskar filaye kuwa, Arewa ta daɗe da sanin hannun hukuma a cikin ciniki. Dokar 1910 ta sa filayen Arewa a ƙarƙashin kulawar gwamna, dokar rajistar takardun filaye ta zo a 1924, Jihar Arewa ta yi tata dokar mallakar ƙasa a 1962, sai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shimfiɗa tsarin a ƙasa baki ɗaya. Kotun Ƙoli ta nuna nauyin amincewar gwamna a shari'ar Savannah Bank da Ajilo a 1989, inda jinginar da aka yi ba da amincewar ba ta rushe. Sai dai rajista ba ta wanke aibin takarda, don haka mai saye ba zai ce shigar takardarsa kundi kaɗai ya rufe maganar haraji ba.

Iyakokin ikon hukuma suna cikin tsohuwar dokar harajin kanta ta 1939, wadda ta yi aiki har ƙarshen 2025, kuma ga abin da ta tanada. Na farko, kowa na da damar kai takardarsa gaban kwamishinan harajin hatimi ya nemi ya yanke adadin da ya kamata a biya. Idan ya yanke, aka biya, aka buga hatimin da ke nuna haka, takardar ta zama karɓaɓɓiya ga kotu ko da wani ya tayar da ƙorafi a kan harajinta. Wanda bai gamsu da adadin ba, doka ta ba shi kwana 21 ya biya sannan ya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu. Dokar ta kuma ƙayyade shekara 5 ga gwamnati ta shigar da ƙarar neman haraji ko tarar da take bi, daga lokacin da aka aikata laifin da ya jawo bashin. Akwai kuma ƙa'idar da ta fi duka muhimmanci ga talaka, wato da darajar ciniki da dokar ranar da aka sa hannu ake lissafi. Filin da aka saya a Millennium City lokacin da wurin yake gonaki, ba za a auna harajinsa da farashin yau ba don kawai an shimfiɗa kwalta an kawo wuta. Tashin farashi bayan ciniki rabon mai saye ne, ba shaidar cewa ya ci bashin gwamnati ba.

Amma dokar ta kuma wajabta a rubuta a cikin takarda, cikakke kuma bisa gaskiya, duk abin da ya shafi adadin harajin, kuma a nan ne mutanenmu da yawa ke ɓata wa kansu kariya. A ɗauki misalin gida a Unguwar Rimi da aka sallama a kan naira miliyan 40. An taru a zaure, dillali ya karɓi la'adarsa, shaidu sun sa hannu, kuɗin ya wuce ta banki. Da aka zo rubuta takardar da za a kai ofis, sai wani ya ce, "Alhaji, a sa miliyan 15 kawai, kowa haka yake yi." Daga ranar mai saye na riƙe da takardu biyu masu ƙaryata juna, ga kuma bayanan banki da ke gaskata ɗaya. Ranar da magada suka yi saɓani, ko aka nemi bashi da gidan, ko ciniki ya warware aka zo maido da kuɗi, ƙaramin adadin ne zai tsaya a kansa. Wa'adin da doka ta gindaya an yi shi ne domin mai gaskiya ya samu kwanciyar hankali, kuma a ganina bai dace wanda ya rage farashi da gangan ya sa ran cin moriyarsa daidai da shi ba.

Ƙasashen da suka gaji wannan haraji daga Ingila sun sha fama da wannan tambaya. A Indiya, jihohi sun ƙara sashe na 47-A a dokarsu ta 1899 domin bai wa jami'i damar sake duba takardar da ake zargin an rage darajarta, amma suka ɗaure shi da wa'adi daga ranar rajista, shekara 3 a wasu jihohi, 5 a wasu, kuma kotunansu sun sha jaddada cewa sai da dalili mai kama hankali za a buɗe fayil. Ingila ta canza tsarinta a 2003, kuma a yanzu hukuma na da wata 9 ta buɗe bincike, shekara 4 ta gyara lissafi idan ta gano gibi, 6 idan sakaci ne, 20 idan da gangan aka yi. Wannan tsari ya fi kusa da adalci, domin tsawon igiyar ya danganta da halin mai biya.

A Kaduna al'amarin ya sauya kama tun da aka kafa hukumar KADGIS mai kula da filaye da dokar 2015, aka kuma tattara harajin jiha cikin doka guda a 2016 a hannun hukumar tattara harajin jiha, KADIRS. Fayilolin da a da ke kwance cikin ƙura sun koma kwamfuta, an sabunta takardun shaidar mallaka, don haka gano tsohon ciniki da kwatanta farashinsa ya zama abu mai sauƙi. Wannan ci gaba ne, amma yana ƙara wa hukuma nauyi. Inda jami'an gwamnati da kansu suka ƙimanta gida kafin a ba da amincewa, suka faɗi adadi, mutum ya biya ya karɓi rasit, da wuya a samu hujjar dawo masa da sabon lissafi, sai fa idan an gano ya ɓoye wani abu. Kuskuren ƙimar ofis bai kamata ya zama bashi a wuyan wanda ya bi umarnin ofis ba.

A ranar 26 ga Yuni, 2025, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, waɗanda suka soke tsohuwar dokar hatimi suka shigar da harajin cikin babbar dokar harajin ƙasa daga 1 ga Janairu, 2026. A harajin kuɗin shiga an daɗe da sanin wa'adin shekara 6 na ƙarin lissafi, ban da inda aka yi zamba. Dubban cinikayyar da aka ƙulla a Rigasa da Kawo da Malali kafin wannan rana a ƙarƙashin tsohuwar doka aka yi su, kuma masu su na da haƙƙin a gaya musu a rubuce wane wa'adi ne ke kansu, daga wace rana ake fara ƙirga shi, da kuma irin shaidar da jami'i zai riƙe kafin ya aika wa mutum takardar neman ciko. KADIRS da KADGIS ne ya kamata su fitar da wannan bayani tare, da Hausa da Turanci, a manna shi inda ake karɓar kuɗin.