Haɗarin kuromiyam ga majema, masu walda da magina

Kuromiyam ƙarfe ne da wani masani ɗan Faransa, Louis Vauquelin, ya gano a shekarar 1797, kuma idan ya haɗu da iskar oksijin yakan ba da sinadarai da dama waɗanda haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Wanda aka fi gani shi ne koren garin nan mai alamar Cr2O3, daga rukunin kuromiyam-3. Ba ya narkewa a ruwa, wuta ma ba ta narkar da shi sai zafinta ya haura digiri 2,400 a ma'aunin Salshiyos, shi ya sa ake sa shi a fenti da bulon tanderun masana'antu da man goge ƙarfe. Cutarwarsa kaɗan ce, in dai ba a yawaita shaƙar ƙurarsa ba.

Abin tsoro shi ne CrO3, ja mai duhu, daga rukunin kuromiyam-6, wanda ake shafe ƙarfe da shi don ya yi ƙyalli irin na salansar babur. Da ya taɓa ruwa sai ya zama asid mai cin fata. Yana buɗe gyambo mai zurfi a yatsu, wanda sau da yawa ba ya zafi, don haka ma'aikaci yakan raina shi. Tururinsa yana iya huda guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa kuromiyam-6 yana haddasa sankarar huhu.

Kamfanonin jima na Chalawa da Sharaɗa a Kano suna aiki da gishirin kuromiyam-3 ne, wanda ke mayar da fata shuɗi-shuɗi, saɓanin jimar gargajiya ta bagaruwa. To amma idan aka cinna wa tarkacen wannan fata wuta, zafi da iska sukan juya wani kaso na kuromiyam-3 ɗin da ke cikinsa zuwa kuromiyam-6, ya zauna a cikin toka da hayaƙi. Saboda haka kada a ƙona shi a bola, balle a babbaka ganda da shi. Haka nan ruwan da majema ke zubarwa bai dace da ban-ruwan lambu ba, domin yana ɗauke da kuromiyam, wanda adadinsa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a ruwan sha bai wuce miligiram 0.05 a lita ɗaya ba.

Mai waldar ƙarfen da ba ya tsatsa yana shaƙar kuromiyam-6 a hayaƙin aikinsa, kuma ƙyallen da ake ɗaurewa a hanci ba ya tare shi. Ya yi aiki inda iska ke ratsawa, da takunkumi mai matata. Magina kuwa su sa safar hannu ta roba, domin ɗanyen siminti yana ɗauke da ɗan kaɗan na kuromiyam-6, wanda ke jawo ƙaiƙayi da tsagewar hannu. Duk wanda ya ga gyambon da ya ƙi warkewa, ko haɓo mai yawan dawowa, ya je asibiti, kuma ya gaya wa likita irin sana'arsa tun kafin a tambaye shi.