Wai da gaske ɗan majalisa yana da rigar kariya? Ga abin da doka ta ce

Mutane da yawa a ƙasar nan sun yi imani cewa da zarar mutum ya ci zaɓen sanata ko ɗan majalisar wakilai to shikenan ya fi ƙarfin ɗan sanda ya fi ƙarfin alƙali sai ya sauka. Za ka ji ana cewa ai ba a kama onarabul, yana da rigar kariya. Wannan magana ba haka take ba, kuma tana ci min rai ƙwarai, don akwai waɗanda suke haƙura da haƙƙinsu saboda ita, mutum yana bin ɗan majalisa bashi ko an ci masa fili ko an mare shi a bainar jama'a amma ya naɗe hannu ya ce ya bar wa Allah tunda wai doka ta hana a taɓa shi.

Rigar kariyar da ake magana tana sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999, kuma mutum huɗu kacal ta ambata: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna, mataimakin gwamna. Su ne ba a gurfanar da su a kotu, ba a kama su, ba a tsare su muddin suna kan kujera. Babu sanata a ciki, babu ɗan majalisar wakilai, babu ɗan majalisar jiha, kai ko shugaban majalisar dattawa da kakakin majalisa ba sa ciki. Su huɗun ma ba wai an yafe musu laifi ba ne, jinkirta shari'ar aka yi har su sauka, kuma Kotun Ƙoli a shari'ar da marigayi Gani Fawehinmi ya shigar ta ce a 2002 'yan sanda na iya binciken gwamna yana kan mulki, gurfanarwar ce kawai ba za a yi ba.

In kana son shaida ba sai an je nesa ba. Joshua Dariye yana sanata mai ci daga Filato kotu ta ɗaure shi shekara 14 a watan Yunin 2018 kan kuɗin da ya karkatar lokacin yana gwamna, daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa 10, sai a 2022 aka yi masa afuwa. Orji Uzor Kalu yana bulaliyar majalisar dattawa aka yanke masa shekara 12 a Disambar 2019, ya shiga gidan yari, Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin a Mayun 2020 amma ba don kujerarsa ba, don alƙalin da ya yanke an riga an ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara ne. Faruk Lawan na Kano yana majalisa aka gurfanar da shi kan dala 500,000 ta binciken tallafin mai na 2012, kuma a ƙarshe aka ɗaure shi, ya kammala hukuncin shekara biyar da kotun ɗaukaka ƙara ta rage masa, ya fito a 2024. Bukola Saraki kuwa yana shugaban majalisar dattawa sukutum ya zauna a akwatin wanda ake tuhuma a kotun ɗa'ar ma'aikata tun 2015, aka yi ta jan shari'a har Kotun Ƙoli ta wanke shi a 2018.

To me suke da shi kenan? Akwai wata doka daban, dokar iko da alfarmar majalisun dokoki ta 2017 wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2018. Babban abin da ta ba su shi ne kariyar baki. Duk abin da ɗan majalisa ya faɗa ko ya rubuta a zaman zauren majalisa ko a zaman kwamiti, ba a kai shi kotu a kai, ba ƙarar ɓata suna, ba tuhumar laifi. Misali ɗan majalisa ya miƙe, kakaki ya ba shi dama, ya ɗaga takarda ya ce kamfani kaza ya karɓi kuɗin titin garinmu tun bara ko tifa ɗaya ta yashi bai sauke ba, ya kama sunan ɗan kwangilar da na babban jami'in da ya sa hannu. Ɗan kwangilar nan ko ransa ya ɓaci kamar me ba shi da hanyar maka shi a kotu kan wannan furucin. Amma in onarabul ɗin ya fito ya tara 'yan jarida a otal ko ya shiga gidan rediyo ko ya hau Facebook ya maimaita maganar, to a nan shi da kowa ɗaya ne, in ba shi da hujja lauyan ɗan kwangila zai iya maka shi a kotu.

Ni kam ina goyon bayan wannan kariyar ɗari bisa ɗari. Ba domin ɗan majalisa aka yi ta ba, domin mutanen mazaɓarsa aka yi, saboda in wakilinka yana tsoron diyyar miliyan ɗari biyar duk sanda zai kama sunan wani babba to bakinka ne aka rufe. Tsohuwar ƙa'ida ce, tun 1689 majalisar Ingila ta rubuta ta bayan doguwar rigimarta da sarakuna, daga can muka gaje ta.

Sai kariya ta biyu, ta wuri. Ba a kama ɗan majalisa a cikin zaure ko harabar majalisa, kuma ba a kai sammacin kotu ko a zartar da umarninta a wurin. Iyakarta kenan, bakin get. Yana fita ya kama hanyar gida ko filin jirgi doka ta dawo kansa. Don haka mai bin sa bashi ba a hana shi shigar da ƙara ba, masinjan kotu ne kawai zai nemi gidansa ko ofishinsa na mazaɓa ya miƙa takardar. Akwai kuma sharaɗin sanarwar wata uku ga akawun majalisa kafin a kai ƙara, amma wannan ga mai ƙarar majalisar kanta ne, ba mai rigimar fili da onarabul ba.

Abin da ya fi damuna wani ne daban kuma ba a cika magana a kai ba. Dokar ta kare bakin ɗan majalisa daga kotu amma ba ta kare shi daga shugabannin majalisarsa ba, kuma a nan ne ake toshe bakin. Ali Ndume a cikin zaure ya miƙe a Maris ɗin 2017 ya ce a binciki zarge-zargen da jaridu suka buga kan Saraki da Dino Melaye, abin da ya samu shi ne dakatarwar wata shida, sai da babbar kotun tarayya ta ce dakatarwar haramtacciya ce. Abdulmumin Jibrin ya yi maganar cushe a kasafin kuɗi a 2016 aka dakatar da shi kwana 180 na zaman majalisa. Abdul Ningi na Bauchi ta Tsakiya ya yi hira da BBC Hausa a Maris ɗin 2024 ya ce akwai sama da naira tiriliyan 3 a kasafin da bai ga ayyukan da aka ɗaura su a kai ba, aka ba shi wata uku. Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya ita ma an dakatar da ita wata shida a 2025. Duk sanda aka yi haka ba mutum ɗaya aka hukunta ba, ɗaukacin mazaɓa ce take zama ba wakili, ana muhawarar kasafi ana tantance ministoci kujerarsu babu kowa, su kuma ba su yi laifin komai ba.

Ina jin wani ɓangaren ruɗanin daga maƙwabta yake zuwa, don a ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa kariyar ta fi faɗi. A Nijar kafin juyin mulkin 2023, ba a kama ɗan majalisa haka nan sai majalisa ko shugabanninta sun ba da izini, shi ya sa ake jin labarin an cire wa wane rigar kariya. Haka aka yi wa Hama Amadou a Agustan 2014 yana shugaban majalisa, shugabannin majalisar suka amince a miƙa shi ga shari'a, ya bar ƙasar zuwa Faransa. Mu a Najeriya babu wannan matakin, EFCC ko ɗan sanda ba ya buƙatar izinin kakaki.

Sauran abin da muke gani muke ɗauka rigar kariya ce, ƙarfi ne kawai na kuɗi da jiniya da 'yan sandan rakiya. Shehu Sani ya faɗa a 2018 cewa sanata na karɓar naira miliyan 13.5 duk wata na gudanar da ofis banda albashi, Kawu Sumaila ya ce miliyan 21 a 2024. Mai irin wannan kuɗin zai ɗauki manyan lauyoyi su yi ta ɗage shari'a shekara da shekaru, kuma ƙaramin ɗan sandan da ke bakin kanta in ya ga lambar motar majalisa jikinsa sanyi yake yi. Amma da wani ɗan majalisar wakilai daga Abiya, Alex Ikwechegh, ya mari direban Bolt a Abuja a Oktoban 2024 bidiyon ya bazu, cikin 'yan kwanaki aka gurfanar da shi a kotun majistare, babu sashen da lauyansa zai iya ɗagawa ya ce ba a taɓa shi.

Su ma sun san ba su da ita shi ya sa suke nema. A 2016 an kawo ƙudirin gyara sashe na 308 don a saka shugabannin majalisa, ya jawo hayaniya a zauren majalisar wakilai, a 2020 aka sake kawo irinsa har ya tsallake karatu na biyu, amma bai zama doka ba. Hujjarsu ita ce ɓangaren zartarwa na amfani da tuhuma don tanƙwara majalisa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ni dai ban yarda maganin shi ne a ƙara yawan waɗanda kotu ba ta isa ta kira ba, musamman a majalisar da tsofaffin gwamnoni suke komawa da fayil ɗinsu a buɗe a EFCC. Gyaran kuma ba ya yiwuwa sai da kashi biyu cikin uku na kowane zaure da amincewar majalisun jihohi 24, don haka in ya sake tasowa ɗan majalisar jiharku ma yana da ƙuri'a a kai, shi ne wanda ya fi sauƙin samu a tambaye shi ina ya dosa.