B.B. King

Riley B. King, wanda duniya ta fi sani da B.B. King, mawaƙi ne kuma makaɗin jita ɗan Amurka, ɗaya daga cikin manyan gwanayen kiɗan blues, wato salon waƙar da baƙaƙen fata na kudancin ƙasar suka ƙirƙiro. An haife shi ranar 16 ga Satumba, 1925, kusa da garin Itta Bena a jihar Misisipi, inda ya taso yana ƙwadago a gonakin auduga, yana kuma waƙa a coci.

A shekarar 1948 ya tare a birnin Memfis, ya samu aiki a gidan rediyon WDIA, kuma a nan ne aka laƙaba masa "Beale Street Blues Boy", laƙabin da ya taƙaita ya koma B.B. Waƙarsa "3 O'Clock Blues" ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin R&B (wani salon waƙar baƙaƙen fatan Amurka) na mujallar Billboard a 1952, daga nan kuma ya shiga yawon wasa gari-gari, har ya yi wasanni 342 a shekarar 1956 kaɗai.

Abin da ya bambanta shi da sauran makaɗa shi ne tattalin sauti. Ba ya cika waƙa da kiɗa. Sai ya danne tsirkiya ɗaya da yatsa, ya tura ta sama har muryarta ta lanƙwashe, sannan ya girgiza wuyan hannunsa domin sautin ya yi ta karkarwa. Ya ƙirƙiro wannan dabara ne yana ƙoƙarin kwaikwayon ɗan'uwansa Bukka White, wanda ke goga ƙarfe a kan tsirkiya. Haka kuma bai saba haɗa rerawa da kaɗawa lokaci guda ba: idan ya kai ƙarshen baiti sai ya yi shiru, jitar ta karɓa, kamar yadda 'yan amshi ke yi wa mawaƙi.

Kowace jita tasa Lucille yake kiranta. Asalin sunan wata gobara ce da ta tashi a gidan rawa a Twist, jihar Arkansas, a 1949, lokacin da mutum biyu masu faɗa kan wata mace mai wannan suna suka kifar da gangar kananzir. King ya kutsa cikin wutar ya ɗauko jitarsa.

Sai a ƙarshen shekarun 1960 fararen fata suka rungume shi sosai, musamman bayan "The Thrill Is Gone" ta 1969. Ya yi wasa a Kinshasa a 1974, a bikin da aka shirya albarkacin damben Muhammad Ali da George Foreman. Makaɗa irin su Eric Clapton, wanda suka fitar da faifai tare a 2000, daga salonsa suka ɗebi da yawa. Ya ci kyautar Grammy sau 15, ya rasu a Las Vegas ranar 14 ga Mayu, 2015, aka binne shi a Indianola, jihar Misisipi.