Jakarta ko Batavia? Ga amsar tambayoyin da kuke ta maimaitawa

Batavia da Jakarta gari ɗaya ne?

Ɗaya ne, na sha faɗa. Sunda Kelapa ake kiransa da farko. Fatahillah, wani jagoran yaƙi Musulmi, ya ci garin a 1527 ya sa masa Jayakarta, Turawan Holan suka mayar da shi Batavia a 1619, sai da Japan ta shigo a 1942 aka koma kiransa Jakarta.

A ina yake?

Bakin teku, arewa maso yammacin tsibirin Java, a ƙasar Indonesiya. Don Allah a riƙa duba taswira kafin a tambaya.

Ingila ce ta mulke su kamar mu?

A'a. Ingila ta riƙe wurin daga 1811 zuwa 1816 kawai. Holan ce ta daɗe, kuma da kamfanin fataucin kayan yaji na VOC ta shigo. Jagoransa Jan Pieterszoon Coen ya ƙone Jayakarta, ya gina garinsa a kan fadama, ya haƙa magudanan ruwa irin na Amsterdam. Ruwan ya kwanta, sauro ya samu gida, zazzaɓi ya dinga kwasar mutane. A 1740 kuma aka yi wa 'yan Sin mazauna garin kisan gilla, kusan mutum 10,000. Masu yabon kyan gine-ginen Kota Tua, wato tsohon garin, su riƙa tuna wannan.

Zan je sarin yadi a kasuwar Tanah Abang, wane wata zan guje wa, kuma ina zan sauka?

To, wannan ita ce tambaya. Damina na kamawa wajen Nuwamba zuwa Maris, ta fi ƙarfi a Janairu da Fabrairu, kuma manyan ambaliyar 2007 da 2020 a cikin watannin nan suka faɗo. Idan kana da zaɓi, Yuni zuwa Satumba ya fi. Amma kada ka ɗauka rani ya raba ka da ruwa. A arewacin gari, wajen Pluit da Muara Baru, teku kan hau tituna ko ba a yi ruwan sama ba. Kudu ya fi tudu, gaskiya ne, sai dai Kemang a kudu take kuma tana shan ambaliya. Koguna 13 ne suka ratsa birnin. Wani lokacin sama tana garau a Jakarta, amma an yi ruwa a tsaunukan Bogor, kogin Ciliwung ya kwaso shi ya juye a Kampung Melayu. Saboda haka sunan unguwa kaɗai ba ya isa. Ka tambayi mai masauki ko ruwa ya taɓa shiga layinsu, ka nemi ɗakin bene, kayan da ka sara kuma kada su kwana a ƙasa.

Da gaske garin zai nutse?

Kwantar da hankalinka, ba gobe ba ne. Amma arewacinsa na lotsawa, saboda yawan zuƙe ruwan ƙasa ta rijiyoyin burtsatse. Yana cikin dalilan da suka sa shugaban ƙasa na lokacin, Joko Widodo, ya sanar a 2019 cewa za a ɗauke babban birnin ƙasar daga Jakarta a kai shi tsibirin Borneo, inda ake gina sabon birnin Nusantara.

Yaushe suka sami 'yanci?

Jagororin neman 'yanci Sukarno da Hatta sun shelanta shi ranar 17 ga Agusta, 1945, a nan Jakarta. Holan ba ta amince ba sai Disambar 1949, bayan yaƙi.